Zoben da Ban Cire Ba

Wrocław, 9 ga Maris

Zuwa ga mijina Lech,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Ya aikin tashar jirgin ruwa? Ya ƙafar Mama?

Ni jikina ƙalau, amma jiya jini ya zuba a ɗakin gwajinmu. Ka san aikinmu, cusa haske mai ƙarfi da ake kira leza cikin zaren gilashi. In hasken ya yi yawa sai gilashin ya kama makyarkyata, ya haifi sautin da kunne ba ya ji, sautin kuma ya koro hasken baya. To Farfesa Zygmunt, mai taurin kan tsiya, ya rantse sabon zarensa mai hanyoyi da yawa ba zai koro komai ba. Ya sa aka cire na'urar da ke tare mai dawowa.

Ai kuwa hasken ya dawo, kuma ba haske ba ne da ake gani. Ihun Mirosław abokin aikina kawai muka ji, ya ɗaga tabaran kariya zai karanta awo. Ya taso dafe da ido kamar zararre, ya shaƙe Farfesa, ya gwara masa kai da teburin ƙarfe har sau biyu. Hanci ya fashe, haƙori ya zube. Da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare shi.

Likita ya ce idon Mirosław na dama ya tafi. Farfesa ya ce bango hasken ya kamata ya daka, Mirosław ne ya karkata madubin da ke kan hanyar hasken, don haka sai ya ga an kore shi an ɗaure shi.

Na kasa cin abinci, Lech.

Taka,
Dobrosława

Wrocław, 14 ga Maris

Lech nawa,

Ina gaishe ka, ka gaishe da Mama. Na ɓoye maka wani abu.

A ƙofar ɗakin gwaji akwai kwanon da kowa ke zuba agogo da zobe kafin ya shiga, don kada su haska. Shekara shida ina wuce kwanon nan, saboda alkawarin da na yi maka a coci cewa zoben ba zai bar yatsana ba. Safar hannu nake rufe shi da ita. Ranar nan na tuɓe safar don in ɗaure ƙusa. Ba madubi ba ne ya juya hasken, hannuna ne.

Yau na faɗa wa kwamitin bincike. Bożena matar Mirosław ta tare ni a matakala, ta sharara mini mari, ta damƙi gashina ta maka ni da bango. Ban ɗaga hannu ba. Mirosław ne ya janye ta, ya dube ni da idon da ya rage, ya ce, "Shekara shida ina ganin zoben nan, Dobrosława. Ban taɓa kai ƙararki ba."

Wallahi gara marin.

An dakatar da ni daga aiki. Ga zoben cikin ambulan. Ba fushi nake da kai ba, ina sonka kamar kullum, kallonsa ne ba zan iya ba. Juya shi, za ka ga ɗigon ƙuna a gefe.

Matarka,
Dobrosława