Layin Takalma

Talata, 6 ga Mayu, 2025

Ranar asibiti. Na bar Bungudu da motar farko, amma da na isa Gusau takalma har sun kai bakin famfo. Haka muke yi mu masu hawan jini, Talatar farko ta kowane wata: kowa ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya jera a baranda, ya koma gindin dalbejiya ya zauna. Takalmi na tsaye, mai shi na hutawa. Labbo ya riga ni kamar kullum, daga Tsafe fa yake zuwa. Ya ajiye nasa na taya, ya sa dutse a bayansa. Dutsen nan ni ne.

Ya ce na rame. Na ce shi ma bai yi ƙiba ba. Ya fasa goro cikin hannun riga ya miƙo mini rabi, don likita ya hana mu duka biyu.

Akwai baƙuwa yau, mai hijabi ruwan toka, zaune a kujerar roba tana kallon takalma tana taɓa waya. Labbo ya ce ƙila 'yar gwanjo ce ta zo taya su. Nas ta ce sunanta Malama Shafa'atu, daga jami'a take, bincike take yi a kan yadda muke jira da yadda magani ke isowa hannunmu.

Ban san ana karatun jira ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Zafi. Safiya, matar ƙanena marigayi, ta miƙo tuwo ta kan katanga. Ban da ita da liman ban yi magana da kowa ba, su ma gaisuwa ce.

Talata, 3 ga Yuni

Yau Malama Shafa'atu ta zo har inda muke, ta durƙusa ta gaishe mu. Da ta ji an ce mini Hedimasta sai ta ja kujera. Ta zana mini tafiyar mara lafiya a takarda: wurin kati, wurin awon jini, likita, tagar magani, tsakanin kowane biyu ta yi da'ira, wato zama. Ta ce mutum na ɓata yini guda, ganin likitan kuwa bai kai tsawon alwala ba. Wasu saboda wahalar hanya sun daina zuwa, sai dai a kawo su a kwance.

Rabon da a tambaye ni ra'ayina har na manta. Na buɗe baki. Na ce wannan rashin tsari ne, a makarantata ba a taɓa tara yara wuri ɗaya a raba musu littafi ba, aji-aji ake bi. Na ce wanda jininsa ya daidaita me ya kawo shi Gusau? A kai masa maganinsa garinsu. Har Turanci na yi, irin namu na da. Tana ta rubutu, ni kuwa ina ƙara gyara zama.

Ta juya ga Labbo. Ya ce shi bai ga laifin zama ba, gida ma zaman yake yi, nan kuwa da mutane. Ta yi dariya. Ni ma na yi.

Na dawo da daɗin rai. Na daɗe ban ji ni mutum ba ne haka.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Salla. Ɗana Mahadi ya bugo daga Abuja, ya ba jikoki wayar. Ba su ji abin da nake faɗa ba, ni ma ban ji nasu ba. Naman da aka aiko ya fi ƙarfin haƙorana.

Talata, 1 ga Yuli

Ruwa ya kore mu daga gindin bishiya, muka cunkushe a baranda, takalma na iyo. Labbo ya ce nasa ne kaɗai ba ya tsoron ruwa, tun yana taya ya saba.

Mun daɗe muna hira. Ya sake ba ni labarin shanunsa da aka kora, yana kiransu da suna ɗaya-ɗaya. Na sha ji, ban hana shi ba. Shi ma ba ya hana ni labarin matata Mairo. Shekarar da ta rasu, shi kaɗai ya lura na zo da riga a birkice, ya kai ni bayan ɗakin awo ya tsaya ya kare ni na juya ta.

Na tuna farkon zuwansa. Ba mai son ajiye takalmi kusa da na Bafulatani, sai a bar fili gaba da baya kamar takalmin na cizo. Ni ma ba don kirki na ajiye nawa ba, a makare na zo, nan ne kawai da wuri.

Ya ce 'ya'yansa ba sa son ya hau hanyar Tsafe. Magani ne kawai hujjarsa.

Talata, 5 ga Agusta

Labbo bai zo ba. Ba wanda ya zo daga wajen Tsafe, an ce an tare hanya da safe, motoci sun juya. Na ajiye takalmina, na sa dutse a gabansa.

Da hantsi aka tara mu. Babban likita ya yi bayani, Malama Shafa'atu na gefensa. Za a gwada sabon tsari. Duk wanda jininsa ya zauna lafiya ba zai ƙara zuwa wata-wata ba. Mota za ta riƙa ɗaukar magani daga babban sito ta kai ɗakunan shan magani na Bungudu da Tsafe da Mada, mutum ya karɓi na wata uku a garinsu, a auna shi a can. Likita kuwa sai bayan wata shida, kowa da ranarsa da lokacinsa. Aka kira sunaye. Ina ciki. Labbo na ciki.

Wata mata daga Mada, Halimatu Sadiya, ta fashe da kuka don murna. Ta ce duk ranar asibiti sai ta yi wa 'ya'yanta wasiyya kafin ta fito. Gaskiyarta.

Malama ta ce a gaban kowa, shawarar Baba Hedimasta na cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa. Aka waiwayo ana kallona. Na ɗaga hannu kamar wani mai muƙami.

Dutsen na nan har aka tashi. Mai shara ya ture shi.

Laraba, 6 ga Agusta

Ban san inda Labbo yake zaune ba. Shekara nawa. Ban san sunan mahaifinsa ba. Ba shi da waya. Tun da aka tashe su daga ruga ya yi ƙaura ba sau ɗaya ba, kuma a wannan zamani ba a tambayar Bafulatani inda yake kwana, sai ya ɗauka da wata manufa. Shi ma bai tambaye ni ba, don kada in ji nauyi. Talata ce adireshinmu.

Talata, 2 ga Satumba

Na karɓi magani a nan Bungudu. Malamin ɗakin shan magani ya auna ni, ya ce madalla, ya miƙo leda. Kowane ƙulli da sunana a jiki. Na dawo kokon da na bari bai huce ba.

Ba abin da zan ce ba daidai ba. Na zauna a zaure har azahar da takalmi ƙafa biyu.

Lahadi, 7 ga Satumba

Malamin ya faɗa ran nan cewa wanda awonsa ya hau, Gusau ake mayar da shi. Ban san me ya sa maganar ke dawo mini ba.

Yau na manta ban sha ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ledar na rataye a ƙusa yadda na kawo ta, kaɗan aka taɓa. Ƙeya na yi mini nauyi. A masallaci da na ɗago daga sujada na ga ƙananan taurari.

Labbo ya fi ni wayo. Abin da na hango ba zai wuce shi ba. Wataƙila shi ma tasa na rataye.

Safiya ta ce idona ya yi ja. Na ce hayaƙin girkinta ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sai yau na iya riƙe alƙalami.

Talata na tafi Gusau, ban jira an tura ni ba. Baranda fes. An sa sababbin benci, mutane kaɗan, kowa da lokacin da aka aiko masa ta waya, ya shiga ya fito. Gindin dalbejiya ba kowa sai akuya. Na cire takalmi na ajiye inda muka saba. Wani ya ɗauka ya miƙo mini, ya ce, Baba, takalminka ya faɗi. Na sunkuya zan sa, daga nan ban san komai ba sai a gado, da allura a hannu.

Da la'asar Malama Shafa'atu ta shigo. Ta rame ita ma. Ta ce tsarin na tafiya, waɗanda suka daina zuwa da yawa sun dawo shan magani, ba wanda aka tare a hanyar asibiti tun da aka fara. Ba da alfahari ta faɗa ba. Sai ta ce likita ya gaya mata jinina bai yi kama da na mai shan magani ba. Ta tambaya ko motar ce ba ta kai ba, ko wani ƙulli ya ɓace, don irin wannan take bi.

Na ce motar ta kai. Na ce Labbo nake nema.

Ta ce ta tuna shi. Ta ce abin da ya faɗa ran nan ta rubuta, amma a gefen takarda, don ba ta san inda za ta sa shi ba. Duk zaman da ta auna, a matsayin asara ta auna shi.

"Baba," ta ce, "in jinin nan ya buge ka, ba layi za ka koma ba. Kuma ko ka dawo, shi ba ya nan."

Na sani. Tun ina mota na sani.

Ta ce ba ta da ikon ba ni adireshin kowa. Amma direban motar magani, Zakari, yana zagaya garuruwan kowane wata, kuma ba a hana shi ɗaukar gaisuwa ba. Ta ce ganin likita na watan Fabrairu za ta roƙa a sa mu rana ɗaya. Ba ta yi alkawari ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mahadi ya yi ta faɗa a waya kamar shi ya haife ni. Wai in koma Abuja. In yi me a can, in kalli bango mai fenti?

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na tare Zakari a bakin ɗakin shan magani. Na ba shi goro biyu cikin ganye. Na ce Labbo, dogo, kunnen hagu ba ya ji, takalmin taya. Ya ce Labbo a Tsafe sun fi buhunan da ke motarsa yawa, amma zai tambayi malamin can. Ya jefa goron gaban mota, kusa da gilashi, inda rana ke duka.

Litinin, 27 ga Oktoba

Shiru. Ana ta yankan gero a gonakin kusa, na nesa ba mai zuwa. Magani wata rana in sha, wata rana a'a. Hannun hagu na yi mini sanyi.

In ya rasu ba wanda zai gaya mini. In na rasu ba wanda zai gaya masa. Wannan ne ke damuna, ba mutuwar ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ina zaure na ji mota ta tsaya. Zakari ne, da baƙar leda. Ya ce ya sha wuya. Ɗan Labbo ne ke zuwa karɓar magani, shi ya kai Zakari wani ɗaki bayan kasuwa. Ya ce tsohon na nan da rai. Ƙafafu sun kumbura, ko masallaci ba ya zuwa. Maganinsa kuwa yana sha, 'yarsa ke tsaye a kansa.

Ashe shi bai yi wautar da na yi ba.

Na tambayi goron. Ya ce ya bushe, amma tsohon ya ɓoye shi ƙarƙashin filo kada 'yar ta gani. Sai ya miƙo ledar. Na buɗe. Takalmin taya, ƙafar dama, igiyar da ya ɗaure da waya tun bara tana nan.

Zakari ya ce an sa shi ya maimaita saƙon har ya haddace: "Ka ce ma Hedimasta ƙafa ta ƙi shiga, shi kau takalmi ba ya son zama banza. Ya aje mani layi. In munka kai Fabrairu, ko a baro sai yara sun kawo ni."

Na ce ya ce masa na ji. Zakari ya duba wani wuri, ya ce yana da sauran kaya na Mada.

Ban ba shi ko ruwa ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na ajiye takalmin Labbo a bakin zaure daga ciki, inda rana ba ta kaiwa. Nawa na bayansa. Safiya ta leƙo ta ce baƙo na yi? Na ce yana hanya.

Ƙafar da ta kumbura haka ba kasafai take sacewa ba, na ga ta Mairo. Malama ma ba ta yi alkawari ba. Ban sa rai ba.

Na sauko da ledar magani daga ƙusa don ƙusar na neman fita. Na ajiye ta kusa da buta. Tun da tana nan kusa, na sha na yau. Na duba, abin da ya rage zai kai ni karɓa ta gaba.