Rigunan Imran

Kano, Yuni 2013

Ya Kaltum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Tunda an katse layin waya a Maiduguri, dole na koma takarda.

Ƙanena Muhammad Auwal ya dawo jiya. Na aike shi ya karɓo akwatin da na bar miki amana ranar da muka baro unguwa, wanda kayan ɗana Imran ke ciki. Ya ce fanko kika ba shi. Ya ce kuma ya ga mayafi a shanye a igiyarki, irin wanda muka saba haɗawa da ƙyallaye ni da ke bayan la'asar, ga shuɗiyar shaddar Imran ta Sallah a tsakiya, har da aikin wuyan.

Na ce idonsa ne ya yi masa gizo. Kin san tun da yaron nan ya bi motar kifi zuwa Baga bai dawo ba, kayan nan kaɗai suka rage mini da zan kalla in ji sanyi. Ki rubuto ki ce ba haka ba ne.

Taki,
Saude

Maiduguri, Yuni 2013

Maman Imran,

Wa alaikumus salam. Wushe, ya Kano?

Idon Auwal ƙalau yake. Ni na yanka.

Danginmu na ƙauyukan bayan Khaddamari sun shigo a ƙafa, daga su sai kayan jikinsu. Gidan ya cika har zaure, ga damina, ga siminti kamar ƙanƙara. Telolin Kasuwar Kwastam da ke tara mana ƙyallaye, wasu sun gudu, sauran babu mai kai musu ɗinki. Ɗinkin mayafin da muke yi don hira da cin gyaɗa ya zama aikin dole. Na fara da zannuwana, na bi da lafayar aurena. Na yanka kayan ɗana Ba'ana, wanda aka harbe a hanyar Kasuwar Shanu, wanda har yau ba ki taka kin yi mini ta'aziyyarsa ba.

Sai wata yarinya ta haihu a ɗakin girki. Ta ce, "Ya Kaltum, ko buhu ne a ba ni in rufe shi." Na tashi na fasa kwaɗon akwatinki. Mayafi uku suka fito. Na sa tsohon bargo a tsakiya, na bi da allura har yatsana ya tsage.

Da akwai waya da na tambaye ki. Da kin hana ma da na yanka. In Imran ya dawo, rigarsa a wuyana.

Ki gaida mutan gida.
Kaltum

Kano, Yuli 2013

Kaltum,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso.

Kada ki haɗa Ba'ana da Imran. Ke kin ga gawa, an yi masa salla, kin san inda kabarinsa yake. Ni babu wanda ya kawo mini ko takalminsa. Kayan mamaci ake rabawa. Kin yi wa ɗana rabon gado da almakashi, ni uwarsa ina nan ina kasa kunne in an taɓa ƙofa.

Kuna ganin mu da muka fito mun ji daɗi. Ɗaki ɗaya muke a gidan yayar maigida, ana ce mana 'yan gudun hijira a gaban idonmu. Ta'aziyya kuwa, da wace ƙafa zan shigo garin da ya cinye mini ɗa?

Ba na son sabuwar riga. Tasa nake so, mai ƙanshin jikinsa. Ki warware ɗinkinki ki ba direban da ya kawo wannan takarda, ko ƙyalle kamar tafin hannu kada ki rage.

Wassalam,
Saude

Maiduguri, Yuli 2013

Saude,

Salamu alaikum. Ga jaka nan. Na cire mayafi biyu daga jikin yara suna kallona. Ƙaramar ta ce, "Laifi muka yi?" Na ce ba ku yi ba. Na zauna da reza na bi zaren ɗaya bayan ɗaya.

Na ukun babu shi. Jaririn bai kai suna ba, uwar kuma ta ƙi sakin mayafin, ta tafi da shi sansanin 'yan gudun hijira. In kina so, ki zo da kanki ki ƙwace daga hannunta.

Allah ya bayyana Imran. Wannan ce takardata ta ƙarshe.

Kaltum

Kano, Agusta 2013

Ya Kaltum,

Salamu alaikum. Jakar ta iso. Na shimfiɗa ƙyallayen a kan gado, ina neman hannun riga, ina neman gabanta. Sun ƙi haɗuwa. Yanzu ba riga, ba mayafi.

Auwal ya ce in mayar miki. Na kasa. Ban kuma yafe ba.

Allah ya jiƙan Ba'ana.

Saude