Zuwan Wendell na Ƙarshe Kwarin Harbi

Litinin, 7 ga Oktoba

Mijina Wendell ya fito da Kaka daga ɗakin ajiya. Haka kowa ke kiran bindigar nan tasa mai jigidar harsashi, don ta girme mu duka, tun yaƙin duniya na farko aka ƙera ta. Ya warware ta a kan teburin cin abinci, ya shafa mata mai, ya mayar. Bayan abincin rana ya sake warware ta. Na ce ai ka yi ɗazu. Ya kalle ni kamar na zage shi.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ba baya ba. Ya ce a fitar da bindigogi daga gidan. Na ce to. Tun watan jiya nake cewa to.

Ban gaya wa kowa ba sai 'yarmu. Ta ce, "Mama, kada ki kai shi taron nan." Ita ba ta ga fuskarsa ba in ana maganar kwarin da masu bindigogi ke taron harbi duk shekara.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na loda tanti da barguna a mota.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun iso. Ni na tuƙa, na ce masa idonsa ya gaji.

Komai na nan yadda yake kowace shekara. Rumfuna a jere a bakin layin harbi, can ƙasan kwarin an jibge matattun motoci da tsofaffin firji da ganguna. Orval, babban abokinsa, shi ke kula da ɓangarenmu na layin. Tun kafin mu tsaya ya fara ihu, shi da kunnensa ɗaya ya mutu: "Kai tsohon banza, ba ka mutu ba? Na yi caca a kanka!" Wendell ya ce sai ya binne shi tukuna. Ya kira sunansa daidai.

Maxine, matar Orval, ta ɗora tukunyar wake da niƙaƙƙen nama mai yaji, ga burodin masara. Ana ci ana ƙarya kan wanda ya fi iya saiti. Can Wendell ya ɗaga kai ya ce, "Wai ina Lamar? Ya makara kuma?"

Lamar abokinsu ne, ya rasu bara waccan. Wendell na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Cokula suka tsaya. Orval ya ce, "Bai samu zuwa ba bana," ya miƙa masa burodi. Na yi ta kallon kwanona. Wataƙila sun ɗauka wasa yake. Wataƙila.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An fara. Na manta yadda ƙarar take shiga ta ƙashin ƙirji, ko da ka toshe kunne. Layi gaba ɗaya ya ɗauka lokaci guda, ƙasa na rawa, kwanson harsasai na zuba kamar ƙanƙara, wata mota ta kama wuta mutane suka yi shewa. Da ina son wannan. Da.

Abin haushi, ya iya. Hannunsa bai manta komai ba. Dewey, maƙwabcinmu a layi, mai katon ciki, ya ce, "Tsoho, ka bar mana ko ganga ɗaya mana, mu ma mun biya kuɗin shiga!"

Ni hannunsa kawai nake kallo. Dokar ba ta da wuya: in jiniya ta yi kuka aka ɗaga jar tuta, kowa ya zare jigida, ya koma bayan igiya, babu mai taɓa bindiga sai an sauke tutar, don mutane suna gangarawa kwarin su gyara abin harbi. Yau duk ya bi. Amma sau ɗaya na ga ya tsaya yana kallon tutar kamar yana neman ma'anarta.

Na yi niyyar gaya wa Maxine a wajen wanke kwanuka. Na buɗe baki, sai na tambaye ta jikokinta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Zan rubuta abin da ya faru yau.

Da rana tsaka aka busa jiniya. Kowa ya koma baya. Orval da wasu suka gangara da sababbin ganguna. Na juya in zuba wa Wendell kofi, juyawa ɗaya kawai. Da na waigo ba ya gefena.

Ya tsallake igiya. Yana zaune a bayan Kaka, ya sa jigida, ya ja hannun ɗana ta, cikin natsuwa kamar mai aski. Bakin bindigar na kallon mutanen da ke ƙasa. Na ga rigar Orval mai ruwan lemo a can, a tsakiya.

Na kira sunansa, ban san ko murya ta fita ba. Dewey ya yar da farantinsa ya ruga, amma nauyin jiki.

Ya danna kunamar bindigar.

Babu abin da ya fita. Ya sake dannawa. Shiru. Ya sunkuya yana dubawa, yana cewa me ya same ki kuma, sai Dewey ya rungumo shi ta baya suka faɗi tare.

Orval ya hawo tudun a hankali, fuskarsa fara fat. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani guntun ƙarfe. Shi ne ke buga harsashi, in babu shi Kaka itace ce kawai. Ashe tun jiya, duk sanda aka ɗaga tuta, sai ya zare shi ya tafi da shi.

Wendell na zaune a ƙasa. Ya dubi kwarin, ya dubi tutar. Ya ce, "Verna, da mutane a gaba?" Na ce e. Ya ce, "Ni ne?" Ya sa fuska a tafin hannu. Mutumin da ya koya wa rabin layin nan doka.

Daga baya, a bayan motarsu, Orval ya ce tun bazara suka san da ciwon Wendell. Wendell ya yi ta buga masa waya yana ba shi labari ɗaya. Na ce me ya sa ba ku faɗa min ba? Maxine ta ce, "Ke me ya sa ba ki faɗa mana ba, 'yar uwa?" Ba da faɗa ba. Gara ta yi faɗan.

Orval ya ce, "Dukanmu wawaye ne, ni ne babba. Na ɗauka dabara na yi. Da na manta sau ɗaya fa?" Sai ya juya ya yi amai a gindin taya.

Shi ya je da kansa ya gaya wa masu taron. Sun ce Wendell ba zai ƙara zama a bayan bindiga ba. Orval kuma sun karɓe masa kula da layi. Bai yi musu ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wendell ya tashi da fara'a. Babu komai a kansa, an share tas. Yana ɗaure takalmi yana cewa yau sai ya ƙona farar motar nan. Wannan ya fi jiya ba ni tsoro.

Ya ga gurbin Kaka babu komai. Sun riga sun sa ta a motar Orval. Ya fara ɗaga murya, wa ya taɓa masa kaya.

Sai ga Dewey da jigida babu harsashi da akwatin harsashi guda, ya dire su a teburin da ke can baya, nesa da igiya. "Tsoho, taimake ni. Yatsun nan nawa kamar ayaba, ba sa shiga." Orval ya ce Kaka ta samu matsala, zai duba ta a gida. Wendell ya yi tsaki, ya ce dama bai taɓa ganin ragwaye irinsu ba, ya zauna.

Daga nan aka yi ta zuwa. Wannan ya kawo tasa, wancan ya kawo, har waɗanda ban san sunansu ba. Kowa yana da injin da ke cika jigida, na sani. Suna zama ɗaya bayan ɗaya, yana zaginsu suna ramawa. Ko minti ɗaya bai zauna shi kaɗai ba.

Na shiga tanti na yi kuka a cikin tawul. Da ƙarar layin, ba wanda zai ji.

Laraba, 16 ga Oktoba

Orval da Dewey sun zo sun kwashe sauran bindigogin Wendell yana barcin rana. Har ƙaramar da ke aljihun gado, wadda ni ma na manta da ita.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ya tambayi Kaka. Tana wajen gyara. Ya sake tambaya. Tana wajen gyara.

Talata, 29 ga Oktoba

Su Orval sun raba ranakun zama da Wendell a tsakaninsu ba tare da sun tambaye ni ba. Yau ta Dewey ce. Ya zo da kati da gyaɗa, ya ce, "Verna, fita ki ba mu wuri, maganar maza za mu yi." Na ce babu inda zan je. Ya miƙo min makullin mota.

Na je kanti na sayi madara da sabulu, abin da ba ya ɗaukar lokaci. Na fito na zauna a mota. Rana na shigowa ta gilashi, da ɗumi. Ban tayar da injin ba. Ina jin na ɗan yi barci, har madarar ta yi ɗumi.

Ban buga waya gida na tambaya ba. Mantawa na yi, ina ga.