Rasuwar Fasto Iliya Gariba Abugri, Baba Burma na Zangon Kumasi

Cikin alhini da karayar zuciya, Majalisar Dattawan Ikilisiyar Masu Jin Hausa da ke Zangon Kumasi ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma makiyayinta, Mai Girma Fasto Iliya Gariba Abugri, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu, tsohon mai bishara a ƙasar Burma, wanda Kirista da Musulmin Zango suka fi sani da Baba Burma, Asantawa kuma ke kira Osofo Gariba, wato Fasto Gariba a harshensu. Ya huta ranar Talata da hantsi a asibiti a Bantama, bayan zawo da zazzaɓi sun kwantar da shi. Ya bar matarsa, Mama Lariba, da ɗansu guda, Malam Istifanus, wanda har yau bai san mahaifinsa ya rasu ba.

Marigayin ɗan ƙasar Bawku ne, a arewacin Ghana. Yana saurayi aka ɗauke shi soja a rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, aka kai shi Burma yana ɗaukar waɗanda aka harba. A dajin kogin Kaladan zazzaɓi ya kayar da shi, abokansa suka ajiye shi a wani ƙauye suka wuce, ba su sa ran zai tashi ba. Mutanen ƙauyen, manoman shinkafa ne masu bin Almasihu, suka yi jinyarsa da ɗan abin da yaƙi ya rage musu. A bakinsu ya koyi harshensu, a koginsu aka yi masa baftisma. Da ya dawo gida bayan yaƙi hankalinsa bai kwanta ba sai da ya yi karatun bishara, ya bi wata ƙungiyar mishan ya koma can a matsayin tafinta da mataimaki.

Shekara goma sha shida ya yi a cikinsu. Yana shiga kwalekwale da damina ya kai sujada ƙauyukan da Turawan mishan ba sa iya isa, ya koya wa yara karatu, ya kafa majami'u na gora da ciyawa, a wata shekara da aka yi annoba kuma shi ya riƙa haƙa kabari sa'ad da kowa ke gudun gawa. Can ya auri Daw Tin Mya, ɗiyar gidan da ya yi jinya, wadda matan Zango suka laƙaba wa Lariba domin ranar Laraba ta sauka Kumasi. Babban aikinsa shi ne horar da 'yan ƙasa su riƙe ikilisiyarsu da kansu, har wasu abokan aikinsa suna ganin ya yi gaggawa. Amfanin haka ya fito a 1966, lokacin da aka umarci masu bishara baƙi su bar Burma. Ya ɗora hannu a kan Dattijo U Tha Aung ya miƙa masa jagoranci, ya bar ɗansa Istifanus, ɗan matashi a lokacin, yana taya koyarwa a makarantar ikilisiyar, ya fito da matarsa da akwati ɗaya. Tun bara labarin Istifanus ya yanke mana.

A Kumasi ya tarar da mu 'yan tsiraru, leburori da masu gadi da 'yan dako daga arewacin Ghana da Najeriya da Togo, muna taruwa a zauren haya. Ya haɗa kanmu, ya zauna lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, har ba a yin suna ko jana'iza a layinmu ba a gan shi zaune a tabarma ba. Da dokar korar baƙi daga Ghana ta fito a watan Nuwamban bara, fiye da rabin ikilisiyarmu ya kwashe kaya ya tare a tashar lori ta Race Course, mata da jarirai a fili suna jiran motar da ba ta isa kowa. Kullum Baba yana can da garwar ruwa da bokitin koko, yana ba Kirista yana ba Musulmi, yana wanke yaran da cikinsu ya ɓaci. Dattawa mun roƙe shi ya huta saboda lafiyarsa, sai ya ce mana, “'Yan'uwa, ni ma an taɓa kora ta. Na san ƙishirwar mai jiran mota.” A can ya ɗauko cutar da ta zama ajalinsa.

Ba al'adar saƙon ta'aziyya ba ce a yi roƙo a cikinsa, amma mun rasa wata ƙofa. Mama Lariba baƙuwa ce a idon doka. Aurensu a majami'ar gora aka ɗaura, shaidun duka suna Burma, kuma ta baro ƙasarta a kan sharaɗin ba za ta koma ba. Mijinta ne kaɗai ke tsaya mata, yau kuwa ba ya nan. Da matan zumuntar ikilisiya suka je yi mata gaisuwa, abin da ta ce da su da 'yar Hausarta shi ne, “Can sun rufe ƙofa. Nan za a sa shi a ƙasa. Ina zan je?” Saboda haka muna roƙon hukuma, da Sarkin Zango da manyansa, da ƙungiyar tsofaffin sojoji waɗanda suka sha daji ɗaya da marigayin, su dubi Allah su tsaya wa wannan gwauruwa kada a ɗora ta a lori. Muna kuma roƙon shugabannin ikilisiyoyi, da ma'aikatan jirgin ruwa na Takoradi da Tema, duk wanda ke da hanyar da magana za ta kai Burma, ya isar wa Malam Istifanus da Dattijo U Tha Aung cewa ubansu ya gama aikinsa.

Muna miƙa godiya ga Alhaji Brimah Mahama, dillalin shanu, mai gidan da marigayin ya zauna, wanda ya kai shi asibiti da kansa, ya kuma rantse cewa muddin yana numfashi ba wanda zai fitar da Mama Lariba daga ɗakinta.

Ga Mama Lariba, da dangin Abugri na Bawku, da 'yan'uwanmu na bakin Kaladan, da 'yan ikilisiyarmu da suka watse a hanyoyin Lome da Legas, muna addu'a Ubangiji Yesu Almasihu ya share muku hawaye, ya ba ku ƙarfin jure wannan babban rashi, ya karɓi bawansa cikin hutawarsa. Amin.

Za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar da safe a zauren ikilisiya. Mazan da suka rage mana tsofaffi ne, ba za mu iya ɗaukar akwatinsa mu kaɗai ba. Duk mai ƙarfin kafaɗa da wannan saƙo ya isa gare shi, ko mene ne addininsa, muna roƙonsa don Allah ya zo.

Sa hannu:
Dattijo Bitrus Kimba Awuni
Sakatare kuma Kakakin Majalisar Dattawa
Ikilisiyar Masu Jin Hausa, Zangon Kumasi
Janairu, 1970