Hannun Dama da Kahrabar Daktora

Asabar, 2 ga Sha'aban 1446

Shekara da shekaru ina faɗa hannun nan na dama mutuwa yake yi, ba mai ji. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zaizaye, rami ne yanzu. Ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Duk mustashfar da na je, wato asibiti, sai a ce tsufa ne ya Hajj. To hagun ba tare aka haife su ba? Ni da nake saƙa angareb, gadon igiya, tun kasuwar Gadarif tana rumfunan kara, yau igiya ke zame mini. Loma ma faɗuwa take. Tun azumin bara ban ci da maza a tire ɗaya ba. Tir.

Talata, 5 ga Sha'aban

Rasha, jikata da yaƙi ya koro daga jami'ar Khartum, ta matsa sai na je wurin malamarta, wata Daktora Amal. Wai suna binciken yadda kahraba, wato lantarki, ke sa tsoka motsi, suna gwada hannun masu sana'a, mai lafiya da maras lafiya. Na ce ni ba firji ba ne. Ta ce, “Mijin nan nawa, in ba ka je ba na sake ka.” Marar kunya. Zan je don ta bar ni in sha iska.

Laraba, 6 ga Sha'aban

Na shafe hannun da man riɗi har kafaɗa, kamar kullum. Suka yi ta liƙa mini wasu ƴan faya-faye masu waya, suna zamewa. Sai da aka wanke ni da sabulu kamar jariri, gaban mata.

Daktora ta ɗora wani ƙarfe a wuyan hannuna. Zut! Ƙaramin yatsan da ya daɗe da daina jin maganata ya zabura. Na roƙe shi, na zage shi, na tofa masa addu'a, bai kula ni ba, amma baƙuwa ta taɓa shi da waya ya tashi yana rawa. Naman jikina, ya zama karen wata.

Da ta mai da ƙarfen bayan gwiwar hannu, da ƙyar ya motsa. Hagun kuwa ko ta ina tsalle yake.

Lahadi, 10 ga Sha'aban

Ban fita ba. Rasha ta kawo tuwon asida, na ci da cokali, ƙofa a rufe.

Juma'a, 15 ga Sha'aban

Mun koma jiya. Daktora ta ce wai saƙo ne ke saukowa daga kai ta cikin jijiya, kahraba ce ƴar kaɗan, in ta isa sai tsoka ta tsuke. Tawa tana maƙalewa a gwiwar hannu, abin da ke isa ƙasa bai kai ya ta da nama ba, naman da ba a kira kuwa ramewa yake. Sai ta ce in nuna mata yadda nake jan igiya. Na kafa gwiwar a gefen tebur kamar yadda nake kafa ta a katakon gado, na ja. Ta ce, “Nan ne, ya Hajj. Kai kake danne jijiyar.”

Haka ubana ya koya mini. Haka kowa ke yi a layinmu.

Ta ga tabon lalas ɗin da Abdelrahman wanzami ya yi mini da ƙarfe mai zafi a bayan hannu. Ashe gardin ya yi ta gasa inda ba laifi, ni kuma ina yi masa godiya. Na wuce ta rumfarsa yau, ban yi sallama ba.

Juma'a, 22 ga Sha'aban

Wai in ɗaura tsumma a gwiwa, in daina jingina ta, in kwana da hannu a miƙe. Naman da ya tafi ba lalle ya dawo ba, in ji ta, amma a tsare saura. Ba zan zauna a kasuwa da ƙunzugu a hannu ba.

Litinin, 10 ga Azumi

Tsohon rawanina ne na naɗa a gwiwar, ƙarƙashin hannun jallabiya, ba mai gani. Saboda sanyin asuba ne kawai. Da gwiwar ƙafa nake tokare gadon yanzu, aikin na tafiya kamar na ɗan koyo.

Yau na fita shan ruwa a tabarmar titi. Loma ta farko ta faɗi a tire. Abdelrahman ya kau da kai, ya turo mini kwanon miya. Ta biyu ta kai baki. Ban ce waya ce ta yi ba.

Amma ina da tambaya, kuma gobe Rasha za ta kai ni wurin Daktora. Likitocin nan duka da suka ce tsufa ne, me ya hana ko ɗaya ya ce in nuna masa yadda nake aiki tun naman yana nan? Wa zai mayar mini da shi? Ba zan tashi daga kujerar ba sai wani ya dube ni ya ba ni amsa.