Ko In Bar Ɗakin Haihuwa

Mandawari, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Gwaggona Nana Hauwa, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, Gwaggo, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Alhaji da mutanen gidan duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu nan gida sai godiya. Abba yana fita rumfarsa a Kurmi kullum, sai dai idonsa na hagu ya fara yin yana, kuma ya ƙi zuwa a duba shi duk da nas ɗin da ya haifa. Umma ta sa an gyara bangon ɗakinki na dā wanda ruwan bara ya ci. Nazeer ya koma karatu Zariya.

Umma ta ce kin kira ta kina tambayar maganar 'Yardada, wai har can labarin ya iske ki. Na so in kira ki da kaina, amma kin san gidanmu, babu lungun da mutum zai yi waya ba a ji ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba Alhaji Salisu mai goro ya taho miki da ita.

Da na fara aiki, ɗakin haihuwa aka tura ni, kuma na so wurin tun ranar farko. Sista A'isha, babbar ɗakin, mace ce mai faɗa amma tana koyarwa. Ita ta fara ce min hannuna ba ya rawa, in riƙe wannan baiwar da kyau. Matan unguwarmu kuwa, in sun zo awo sai su ce a kira musu 'yar gidan Malam Abdulbaqi. Ina jin daɗin hakan sosai. Ban taɓa tunanin sanin nan da suka yi min shi zai dame ni ba.

Ba zan rubuta miki komai ba sai abin da gari ya riga ya ɗauka. 'Yardada dai ta wajen ƙawarki Hajiya Indo, wadda muka yi islamiyya tare, aka yi mata aure aka kai ta Soron Ɗinki. Da hantsi aka kawo mana ita, bayan ta daɗe tana naƙuda a gida, jini yana zuba. Ni na sa mata ƙarin ruwa, ni na riƙe hannunta har ƙofar tiyata. Yaron bai zo da rai ba, kuma mahaifar ta tsage yadda ba ta ɗinkuwa, dole likitoci suka cire ta don a ceci ranta. Cikinta na fari ke nan. Mijinta Zaharaddeen ya tsaya gabanmu yana hawaye, ya roƙi kada kowa ya ji zancen mahaifar, ita ma a bar shi ya gaya mata da bakinsa in ta yi ƙarfi.

Bai samu ya gaya mata ba. Bayan an sallame ta ta koma gidan iyayenta jego, wata mata ta je gaisuwa, ta ce mata Allah ya ba ta haƙurin rashin haihuwa har abada. A haka 'Yardada ta ji, a gaban mutane. Da aka fara tambayar wa ya fitar da maganar, ba a yi dogon nema ba, tunda ni ce 'yar unguwa, ni ce a ɗakin. Gwaggo, wallahi ko Umma ban gaya wa ba. Ranar akwai masu shara, akwai masu tura gado, akwai dangin wasu majinyata cike da baranda, ga 'yan'uwan mijin da suka zo ba da jini. Ban san wanda ya ji ba, kuma ba zan kama sunan wani don in wanke nawa ba. Na je gaishe su, Hajiya Indo ta tare ni a soro ta ce mai jego tana barci, alhali ina jiyo muryarta.

Wannan duk zan iya daurewa. Abin da ya karya min zuciya na Ladi ne, matar telan bakin layinmu. Naƙuda ta kama ta, ta ce ba za a kai ta inda nake ba, kada gobe a ji sirrinta a bakin famfo. Suka nufi wani asibiti can bayan gari, ta haihu a cikin adaidaita sahu kafin su isa. Allah ya kiyaye, ita da jaririyar suna lafiya. Amma tun ranar nake tambayar kaina, in zamana a ɗakin nan yana korar mata daga asibiti, me ya rage na amfanina?

Ana cikin haka aka ce ana neman sababbin nas a tiyata, matiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ta tambaye ni ko ina so. A can fuskarki a rufe take, majinyaci yana barci, babu wanda zai ce ke 'yar gidan wane ce. Umma ta ce in karɓa tun kafin a ba wani, ta gaji da yadda ake yin shiru in ta shiga gidan biki. Abba ya ce shi bai san aikin asibiti ba, amma in yi istihara, kuma kada in yanke hukunci ina cikin fushi. Sista A'isha ta kira ni gefe ta yi min tatas. Ta ce ko shekara ban yi ba, yanzu hannuna ya fara gane ciki, in na tashi yanzu ban zama ungozoma ba, a can ma sai na koma farko. Ta ce tiyata aiki ne mai daraja, wanda ya je don yana so ya yi daidai, amma ni ɓuya zan je yi, kuma ranar da na tafi, mutanen unguwa za su ce korata aka yi saboda abin da na aikata.

Ranar Juma'a da la'asar na sake komawa gidan Hajiya Indo, na yi sa'a Hajiya ta fita unguwa. Na tarar da 'Yardada a kwance, ta rame, jikinta zafi rau. Na fara rantse mata, ta ɗaga min hannu. Ta ce ba ta san ko ni ce ko ba ni ba ce, kuma ba ta da ƙarfin da za ta bincika, ko an gano mai laifi ba zai dawo mata da komai ba. Sai ta ce in rufe ƙofa. Ta buɗe min cikinta, ashe ɗinkin ya yi ruwa yana wari, ta ɓoye wa kowa don ba ta son ta sake taka asibitin nan a riƙa nuna ta. Na wanke mata da abin da ke jakata, na kira Zaharaddeen, muka lallaɓa ta muka mayar da ita asibiti, wannan ma unguwa ta riga ta ji. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ciwon ya shiga jini. Yanzu tana samun sauƙi. Ba ta yi min hira, ba ta kallon idona, amma in lokacin wankin ciwon ya yi, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni.

Jiya na je na gaya wa matiron ta ba wata gurbin, zan zauna in cika shekara tukuna, sannan in duba ko tiyatar nake so da gaske. Ba zan ce miki hankalina ya kwanta ba. Ni da Umma kuma tun jiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina tsoron a sake samun wata Ladin, wadda ba za ta yi sa'a irin tata ba, kuma in haka ta faru ban san yadda zan yi da raina ba.

Alfarma ɗaya nake nema, Gwaggo. Ki kira Hajiya Indo, ke tana jin maganarki. Kada ki roƙe ta ta yafe min, don ban yi abin da za a yafe ba. Ki ce mata kawai ta daina gaya wa masu ciki su guji asibiti. In ni ce ba sa so, su zo su nemi Sista A'isha, ni zan fita baranda in tsaya har su sauka.

Ki gaida min Baba Alhaji, da Yaya Maryam da maigidanta, da Aminat, a ce mata ina nan ina jiran hoton yaron. Abba da Umma suna gaishe ki. Ki sa ni a addu'a bayan kowace salla, ina bukata.

Taki 'yar da kika goya,
Ikram Abdulbaqi.