Burodin da ke kan firji

Badaru,

Na tafi Ushafa wajen Goggo Indo, sai yamma zan dawo. Na ga kana barci, ban tashe ka ba.

Burodin da ke kan firji kar ka ci shi. Jiya na shiga babban shagon nan na Gwarinpa in sayo maka na alkama, kamar yadda likita ya ce tunda suganka ya hau. Ga burodi kala-kala a jere, rubutun duk Turanci ne. Na tambayi yarinyar shagon wanne ne babu suga, ta ce, "Mama, duka mai kyau ne," ta ci gaba da danna wayarta. Haushi ya sa na yi abin da na saba, na bi su ina latsawa, na ɗauko wanda ya fi laushi. Haka nake zaɓar wa Babanku, Allah ya jiƙansa. Yau da safe na gutsura, zaƙi kamar kek.

Na san halinka, za ka ce ɗan kaɗan ba komai. Haka shi ma yake faɗa mini kullum.

Ka ba maigadi. Alale na cikin kula, ka karya da shi. In ka taso daga ofis ka shiga shagon da kanka, ka karanta bayan ledar, ka zaɓo na kirki. Ni dai ba zan iya sake zaman jinyar wannan ciwon ba, Badaru.

Umma